Kanbas ɗina ya murɗe a bangon Hajiya: laifin kafinta ne ko na mai firinta?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, yau kuka na kawo muku. A watan Agusta na yi wa wata Hajiya a Rayfield hotunan bikin 'yarta guda uku a kan kanbas, wato yadin da ake buga hoto a kai a ɗaure a firem na katako, kowanne inci 24 da 36. Ranar da na kai har tukuici ta ba ni. Shekaranjiya ta kira ni, murya ba daɗi, ta ce in zo in ga aikina. Da na je na tarar ɗaya ya murɗe, kusurwar ƙasa ta ɗago daga bango har tafin hannuna yana shiga ta baya. Na biyun ya saki kamar tsohuwar ganga. Na ukun kuma duk inda yadin ya lanƙwasa a gefe ya yi farin layi, tawadar ta tsattsage. Ta ce in sake mata, kuma ƙanwarta ma tana son guda biyu kafin ƙarshen wata. Mai firinta ya ce laifin kafinta ne, kafinta ya rantse da Allah yadin ne ba shi da kyau. Don Allah wane kanbas zan saya, wace tawada, wane katako? Ba na son in sake jin kunya a gidan nan.

Na Bukuru: Wa alaikumus salam. Ni da na ga an rubuta kanbas na ɗauka takalmin makaranta ake cigiya. Allah ya kyauta ɗan'uwa.

Baban Walid: Kai Na Bukuru ba ka da dama. Ƙanina, juya hotunan ka ɗauko mana bayansu, musamman kusurwa. Sannan ka gaya mana da wane inji aka buga, kuma an shafa banish ko ba a shafa ba.

Ɗan Gangare: Ga su nan na tura, Yaya. Irin babban injin nan ne da ake buga bana da sitika. Ba a shafa komai ba, ina karɓa na wuce wurin kafinta, a ranar muka ɗaure.

Oga Kafinta: Na ga hoton. Ba zan kare ɗan'uwana a sana'a ba, wannan katakon ɗanye ne. Ku dubi inda aka haɗa kusurwa, bakin ya buɗe ta ciki. Haka katako yake yi idan ya bushe bayan an riga an haɗa shi: faɗinsa ya tsuke, tsawonsa bai tsuke ba, sai mahaɗar ta wage. Kuma da ganin launinsa malaina ce. Malaina ba ta da laifi, tana da sauƙin aiki, amma a duk katakon da muke saye a kasuwar Katako ban san wanda ya kai ta jinkirin bushewa ba. Za ka taɓa bayanta ka ji ƙamas, cikinta kuwa ruwa ne. Ka saye ta a Agusta, lokacin da ruwan Jos ba ya ɗaukewa, ka rataye a falo, hunturu ya shigo a Disamba ya zuƙe ruwan nan cikin 'yan makonni. Dole ta juya. Ko ƙofa aka yi da ita haka za ta yi, balle ɗan siririn firem da yadi yake ja ta ɓangare huɗu.

Baban Walid: To Alhamdu lillahi, kafinta da bakinsa ya wanke mu masu firinta.

Oga Kafinta: A'a Malam, kada ka yi saurin wanke hannu. Murɗewa da saki namu ne, na ɗauka. Farin layin da ke gefe fa? Zarto ne ya tsaga tawada?

Maman Ihsan: Gaskiya Oga ya faɗi daidai. Ni a Abuja nake yanzu, amma a Jos na koyi aikin nan, kuma abin da ya sami yaron nan ya same ni. Tsagewar gefe daga wuri biyu take zuwa. Ko dai yadin mai araha ne, farin shafen da aka yi masa a fuska ya yi kauri kuma ba ya miƙewa, ko kuma an ja shi da ƙarfi alhali babu banish da zai riƙe tawadar. Ga gwajin da nake yi kafin in biya kuɗin nadi: in ce a buga min ɗan baƙi wuluk a guntun yadin, in bar shi ya kwana, washegari in ninke shi a kan gefen tebur in danna da babban yatsa. Idan farin layi ya fito, ba na saye, ko da kyauta za a haɗa min da shi.

Ɗan Gangare: Anti, to auduga zan nema ko foliyesta? Wanda ya sayar mana ya ce duk ɗaya ne.

Maman Ihsan: Ba ɗaya ba ne, mai sayarwa ne kawai yake son kayansa su fita. Iri uku ne a kasuwa. Akwai auduga zalla, akwai foliyesta zalla, akwai gauraye. Auduga ta fi kyan saƙa a ido, hoto a kanta sai ka ce zane ne aka yi da hannu, kuma tana da daɗin ja. Amma tana shan danshi, tana saki tana ɗamewa gwargwadon yanayi. Foliyesta ba ruwanta da damina ko rani, ta fi araha, launi yana fitowa tar a kanta, sai dai tana da ɗan ƙyallin roba kuma ba ta miƙewa sosai. Ni gauraye nake amfani da shi ga hotunan biki. Ka duba nauyi kuma, a jikin kwalin ake rubutawa, giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Na 260 ko 280 ya yi shara-shara ga babban hoto, in ka ɗaga shi a rana kana hango inuwar hannunka. Daga 340 zuwa 400 nake saye.

Baba Mai Hoto: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni dai ban yarda da foliyestan nan ba. Tun muna wanke hoto a ɗakin duhu muka san cewa abin da aka ɗora hoto a kai shi ne rabin hoton. Ku ce roba ce za ta zama abin tarihi a gidan mutum? Masu zane sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki a kan yadin lilin da na auduga, ga zanensu nan har yau. Wannan abin naku bana ce kawai aka yi wa saƙa.

Baban Walid: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan ja da ku. Waɗancan zanen da kuke magana a gidajen tarihi suke, ana auna musu danshi da zafi dare da rana. Falon Hajiya kuwa taga a buɗe, Agusta bango yana gumi, Janairu leɓe yana fashewa. Garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, safiya da sanyi, rana da zafi. A irin wannan wuri yadin da ba ya jin yanayi ya fi rufa wa mai hoto asiri. Na buga foliyesta mai nauyi shekaru da dama, ba wanda ya dawo min da shi don ya saki.

Baba Mai Hoto: Bai dawo don ya saki ba, amma ka taɓa ajiye shi kusa da na auduga ka dubi fuskar amarya? Ɗaya mutum ce, ɗaya kuma kamar hoton kalanda.

Maman Ihsan: Baba kuna da gaskiya ta fuskar kyau, Baban Walid yana da tasa ta fuskar juriya. Shi ya sa na tsaya a tsakiya. Akwai kuma abin da ba a faɗa ba: auduga idan ta ɗan saki, za ka fesa mata ruwa kaɗan ta baya, kamar yadda ake yi wa shadda kafin guga, ta bushe ta ɗame. Foliyesta ba ta jin wannan maganin, in ta saki sai dai ka cire fin da ya riƙe yadin a jikin katako ka sake ja.

Na Bukuru: Wato dai har yadi ma akwai mai jin magana akwai mai taurin kai.

Admin: Jama'a a tsaya kan tambaya don Allah. Har yanzu ba a taɓo tawada ba.

Baban Walid: To bari in shiga gonata. Tawadar da za ka ci karo da ita iri uku ce. Ta farko ita ce mai kamar rini, wadda ake zubawa a ƙananan firintoci. Launinta yana da kyau ranar farko, amma haske yana cinye ta, ruwa kuma in ya ɗiga sai ta zuba. Kada ka yarda a buga maka kanbas na sayarwa da ita. Ta biyu ita ce mai gari, wato launin ƙananan ƙwayoyi ne da ke zama a kan yadin, ita ce manyan injinan hoto na Epson da Canon suke sha. Ta uku ita ce solben mai sauƙin wari, wadda injina yake sha, irin injin nan mai kan bugu da ake kira XP600 da ya cika gari. Ita tana kama jikin yadin ne, ba ta tsoron ruwa, ko da tsumma mai laima ka goge ba abin da zai same ta.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne kowace tawada da yadinta. Shafen da ke fuskar kanbas na solben daban, na tawadar ruwa, wato mai kamar rini da mai gari, daban. Ka sa yadin solben a injin tawadar ruwa, za ka ga ta kwanta a sama ta ƙi bushewa, ka taɓa ta biyo yatsanka. Saboda haka kafin ka sayi nadi, fara sanin injin da za a buga maka da shi, ka tambayi mai kaya a fili: wannan na wace tawada ne? In ya ce duk ɗaya ne, ka yi masa sallama.

Maman Ihsan: Amma Baban Walid ka faɗi gaskiya duka mana. Injinku yawanci launi huɗu yake da shi. Ga bana da allon kanti ba matsala. Ga fuskar mutum fa? Injinan Epson da Canon na hoto suna da launi takwas zuwa goma sha biyu, har da toka-toka mai duhu da mai haske. Shi ya sa hoton baƙi da fari yake fitowa baƙi da fari a wurinsu, a naku kuma sai ya karkata ya yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Fatar mutanenmu kuma inuwa ce take ƙawata ta. Inji mai launi huɗu in ba a yi hankali ba sai ya dunƙule wuyan amarya da gashinta da mayafinta su zama baƙi ɗaya.

Baban Walid: Ban musa ba Hajiya. Amma ki faɗa masa kuɗin tawadar waɗancan, da yadda kansu yake toshewa in aka yi kwana biyu ba a buga komai ba, balle a bushewar hunturu. Ga wuta da ba ta tsayawa. Wanda ba shi da aiki kullum ya sayi irin wannan inji ya sayo wa kansa ciwon kai. Kuma namu ma in mai aikin ya san abin da yake yi yana fitar da fuska. Matsalar yaranmu ita ce gaggawa: su buga kanbas da saitin bana, kan injin ya bi sau uku ko huɗu, sai ka ga layi-layi a kumatu. Ni hoton mutum ba na yin ƙasa da bi takwas. Yana cin lokaci, kuma ina cajin lokacin.

Ɗan Gangare: Yaya, ni ba inji zan saya ba, kai wa zan riƙa yi ana buga min. Me zan ce wa mai injin?

Baban Walid: Ka ce ya buga maka gwaji tukuna. Ka yanko fuskar amarya da wani yanki na farin leshinta a ainihin girman da za su fito, a buga a ɗan guntun yadi kamar faɗin littafi. Ka fita da shi waje ka duba, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Kusan kullum kanbas yana fitowa da duhu fiye da abin da ka gani a kwamfuta, saboda allo haske yake fitarwa, yadi kuwa ba ya fitar da komai. Sai ka koma ka ɗan buɗe inuwa, ka kula kada leshin ya ƙone ya zama fari fat ba zane.

Baba Mai Hoto: Wannan dai shi ne abin da muke yi da guntun takarda a ɗakin duhu kafin mu ɓata babba. Ashe ba a daina ba.

Na Bukuru: Ni tambayata, kwastoma ya turo hoto ta WhatsApp ya ce a yi masa 24 da 36. Yaya ake yi da shi?

Maman Ihsan: Ka ce ya sake turowa a matsayin dokumen, ko ya kawo katin kyamara. WhatsApp yana matse hoto, yawanci dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1,600, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto. Kanbas yana da rufin asiri saboda saƙarsa tana ɓoye ƙananan aibu, fiksel 150 a kowane inci ya wadatar. To yi lissafi: 1,600 a raba da 150, inci goma da ɗan ɗoriya ke nan. Inci 36 yana son fiksel 5,400, inci 24 yana son 3,600. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6,000 da 4,000, ta isa har da saura, kuma siffarta ta yi daidai da 24 da 36 ba sai an yanke ba. Hoton waya kuwa yawanci huɗu-da-uku ne, ya fi dacewa da 18 da 24 ko 30 da 40. In ka tilasta shi a 24 da 36 sai ka yanke hular ango ko takalmin amarya.

Oga Kafinta: Ku dawo kan katako don Allah, don a nan gizo yake saƙa. Duk wannan kyan bugu in aka ɗora a kan ruɓaɓɓen firem aikin banza ne. Ɗana, saurara. Abu na farko, bushewa. Masu sayar da sandunan firem na waje da itacen fain suke yi, wanda aka busar a tanda, shi ya sa ba ya motsi. In ka samu kuma aljihunka zai ɗauka, saya. In a gida za a yi maka, nemi obece ko afara wanda ya daɗe a rumfa. Obece ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, fin yana shigarsa ba gardama. Aibinsa ɗaya, ƙwaro yana son sa. In ka ga ƙananan huji kamar na allura da gari-gari a ƙasa, bar shi. Wanda ka saya kuma a shafa masa maganin ƙwari ya bushe sarai kafin yadi ya taɓa shi, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Maɗaci yana da ƙarfi amma ya yi nauyi, bangon bulo da ƙusa ɗaya ba za su ji daɗinsa ba.

Ɗan Gangare: Oga, ta yaya zan gane ya bushe? Kowa a kasuwa cewa yake nasa busasshe ne.

Oga Kafinta: Akwai ɗan na'urar auna danshi mai allura biyu, ka caka ta nuna lamba. Ana son danshin ya sauko wajen kashi 12 cikin ɗari ko ƙasa da haka. In ba ka da ita, ga dabarar talaka. Yanki guntu ɗaya, kai wa mai sikeli ya auna maka, rubuta nauyin a jikinsa da biro. Ajiye a ɗaki, bayan mako ka sake aunawa. In nauyi ya ragu, ruwa yana fita, bai gama ba. Ranar da ka auna sau biyu a jere ka samu lamba ɗaya, to ya zauna. Ni yanzu da hunturu nake sayen katakon firem na shekara, a tsaga min, in jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska tana ratsawa, in ɗora bulo a sama. Wanda zan yi aiki da shi a Agusta tun Janairu yake kwance.

Abu na biyu, siffar sandar. A hoton da ka turo fuskar katakon a shafe take, yadin ya kwanta a kanta gaba ɗaya. Shi ya sa in ka duba da kyau za ka ga layi ya fito a fuskar hoton, daidai inda katakon ya ƙare ta ciki. Dole a fere fuskar ta gangara ciki, gefen waje kaɗai ya tsaya da ɗan tudu, yadin ya hau kan tudun nan ya bar sauran katakon. Kuma tudun a bi shi da samfefa ya yi santsi. Gefe mai kaifi kamar wuƙa shi ma yana fasa tawada, ka ga a nan ma muna da hannu a farin layin, ban ɓoye ba.

Baban Walid: Allah ya biya ka Oga. Da kafintoci duka haka suke da mun huta.

Oga Kafinta: Ban gama ba. Na uku, 24 da 36 yana son sanda ɗaya a tsakiya ta baya, ta tokare dogayen ɓangarorin, in ba haka ba jan yadi zai lanƙwaso su ciki. Sandar ta ɗan ja baya kada ta taɓa yadin. Na huɗu, kafin ka buga fin ko ɗaya, ɗauki tef ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka auna ɗaya ɓangaren. In ba su zo ɗaya ba firem ɗin a karkace yake. Sannan ka kwantar da shi a kan tayil, ka danna kowace kusurwa. In yana rawa, mayar wa mai shi.

Maman Ihsan: Ƙari a kan na Oga: sandunan waje da yawa ba a manna kusurwarsu da gam, shiga juna suke yi, da wasu 'yan katakai masu kamar haƙori da ake cusawa ta ciki. In yadi ya saki bayan shekara, sai ka ɗan bubbuga su da guduma, firem ya buɗe kaɗan, yadi ya ɗame. Na kafinta da aka haɗa da gam da ƙusa ba ya yin haka. Ba wai ba shi da kyau ba ne, amma ka san ja ɗaya gare ka, ka yi shi da kyau.

Ɗan Gangare: Kauri fa, Anti? Nawa siriri ne, ƙanwar Hajiya kuma ta ce mai kauri take so irin wanda ba a sa masa firem na ado.

Maman Ihsan: Inci ɗaya da rabi ke nan. Siririn, mai kwata uku na inci, na wanda za a saka cikin firem na ado ne. Amma ka yi lissafin yadi tun kafin bugu. Kowane gefe yana cin inci ɗaya da rabi na kauri, da wani inci ɗaya da rabi da zai zagaya baya inda filaya za ta kama. Inci uku ke nan a kowane gefe, 24 da 36 ya koma 30 da 42. Ka ga inji mai faɗin inci 24 ba zai iya ba sam. A nadi mai inci 36 zai shiga a tsaye ya ci inci 42 na tsawo. A mai inci 44 kuwa za a kwantar da shi ya ci inci 30 kawai, asarar yadi ta ragu. Kuma kada ka bar hoton kansa ya zagaya gefe in akwai kai ko hannu kusa da baki. A Photoshop ka kwafi bakin hoton ka juya shi kamar madubi ya cika gefen, ko ka sa launi ɗaya da ya dace. Na taɓa ganin ango rabin kunnensa yana kallon taga.

Na Bukuru: Wannan angon ai yana sauraron abin da dangin amarya ke faɗa ne.

Baba Mai Hoto: Banish fa? Kun bar shi a baya, kuma yaron ya ce ba a shafa ba.

Baban Walid: Bugun solben zai iya tafiya ba banish, Baba, shi ya sa mutane suke son sa. Amma a bar shi ya sha iska kwana ɗaya kafin a ja, ba daga inji zuwa kafinta ba kamar yadda ƙanina ya yi. Na tawada mai gari kuwa banish wajibi ne, in ba haka ba farce ma yana kankare shi.

Maman Ihsan: Ni ko solben ne ina shafawa, hankalina ya fi kwanciya. Amma ba banish ɗin kafinta ba don Allah, wancan yana yin rawaya kuma yana ƙandarewa. Akwai na kanbas, mai haɗin ruwa, a galan yake zuwa kamar madara, akwai mai ƙyalli, akwai marar ƙyalli, akwai tsaka-tsaki. Ana shafawa da rola ta soso, shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu, kuma kafin ɗauri ake yi ba bayansa ba. A wannan watan babban abokin gabarka ƙura ce. Ranar da na fara, na shafa na bar taga a buɗe don ya bushe da wuri, da na dawo fuskar jaririyar mutane kamar an barbaɗa mata garin kuka. Yanzu sai na yayyafa ruwa a ƙasa, na rufe ƙofa da taga, na jira ƙurar ɗakin ta kwanta sannan in buɗe galan.

Oga Kafinta: Kuma kada ka ɗaure da sassafe a sanyin nan. Yadi da shafensa suna ƙandarewa da sanyi kamar tiyon ruwa. Bari rana ta ɗaga, ɗaki ya yi ɗumi. Fin kuma nemi wanda ba ya tsatsa, milimita 8 ya isa ga obece. Na hotonka har sun fara zubar da jan tsatsa a yadin. Fara daga tsakiyar gefe ɗaya, ka koma kishiyarsa, sannan sauran biyun, kana tafiya zuwa kusurwa kaɗan-kaɗan, kusurwa ita ce ƙarshe. Filayar ja mai faɗin baki ake amfani da ita, ba ta makanike ba, waccan huda yadi take yi.

Baba Mai Hoto: Abu ɗaya zan ƙara, ba na fasaha ba ne. Yanzu ana yawan kawo muku Ayatul Kursiyyu da hoton Ka'aba a ɗaura. Tunda kife yadi ake yi a ja ta baya, a nemi tebur mai tsabta a shimfiɗa farin ƙyalle. Na shiga wani shago na ga an kife aya a ƙasa yaro ya sa gwiwa a kai yana buga fin. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Admin: Gaskiya ne Baba, Allah ya sa mu kiyaye.

Ɗan Gangare: Na gode ƙwarai iyayena. Ga inda nake yanzu. Na je na kwaso hotunan uku. Na farkon da na cire fin, katakon da kansa ya ƙara juyawa a hannuna, na auna kusurwa da kusurwa bambancin ya kusa inci ɗaya. Yadin na farko da na biyu lafiyarsu lau, ina ganin za su sake ɗauruwa. Na ukun ne dai sai sabon bugu. Na karɓo guntun gauraye mai giram 380 an buga min baƙi a kai, yana kan tebur, gobe zan ninke shi in gani. Oga, in kuna da busasshen obece a ƙasa ina son na firem biyar, mai inci ɗaya da rabi, da sandar tsakiya.

Baban Walid: Waɗanda za ka sake ɗaurawa ka rage firem ɗin da kamar rabin inci, don tsohon lanƙwasan ya faɗa gefe, kada ya fito a fuska. Amma tunda da siririn katako aka ɗaura su, yadin da ya rage a baya ba zai zagaye inci ɗaya da rabi ba. Auna kafin Oga ya sa zarto.

Ɗan Gangare: Kash, ban yi wannan tunanin ba. Na auna yanzu, inci biyu ne kawai a kowane gefe.

Oga Kafinta: To biyu sirara, uku masu kauri ke nan. Amma Hajiya za ta jera su a bango ɗaya, biyu sirara ɗaya mai kauri ba zai yi kyau ba. Na Hajiya duka ukun a yi sirara, na ƙanwarta biyu masu kauri. Ina da na bara a rumfa. Ka zo bayan Azahar da yadin a naɗe, hoton yana waje, kada ka ninke shi a keke. Ka taho min da tsohon firem ɗin ma, ina so in nuna wa yarana.